Wuyan Yanka

Shafi na 19

Masu kirana a waya da masu turo saƙo tun da sassafe, na gani, na ji. Wata har cewa ta yi wai na tsani Habsatou. Ni ban tsane ta ba, 'yar'uwa, halinta na nuƙu-nuƙu ne yake ba ni haushi, kuma yau za ki ga inda ya kai ta.

Wanda ya tarar da mu a hanya, ga inda muke. Gida ɗaya ne a unguwar Soundview, can ƙasar waje, sama da ƙasa. A sama akwai Dung direban bas da matarsa Filomina nas, mutanen Jos, Kiristoci, da ɗansu Chuwang. A ƙasa akwai Rashidu mai sayar da jakunkuna a Canal Street da matarsa Habsatou, mutanen Maraɗi, da 'yarsu Najat. Ranar da naƙudar Najat ta tashi, Filomina ce ta riƙe hannun Habsatou har ta sauka. Tun daga nan ba a jin kansu. Sai ga shi bana Rashidu ya ce wa Dung ba zai kai shi gona sayen akuyar Kirsimeti ba, ya kuma ƙi faɗar dalili.

To, mu je.

Ranar farko ta hutun makaranta gari ya waye fari fat. Dusar ƙanƙara ta rufe matakala, ta rufe motoci. Rashidu ya leƙa ya ce yau kam babu kasuwa, wa zai tsaya taya jaka a wannan sanyi? Ya ɗauki shebur ya fita. Dung ma ya sauko da nasa. Suna ta kwasar ƙanƙara a ƙofar gida, kowa ya ba ɗan'uwansa baya, bayan gaisuwa babu abin da ya haɗa su.

Najat tun da safe ta haye sama wajen Chuwang, wai za su rataya fitilu a jikin bishiyar Kirsimeti. Kafin ta tafi sai da uwarta ta ɗura mata koko da ƙosai har wuya, sannan ta ja kunnenta kamar kullum.

"In an ba ki abu, ki ce kin ƙoshi. Kin ji ni?"

Yarinya ta amsa da Turancinta, ta ruga.

Habsatou na tsaye a kan kujera tana manna leda a taga don kada iska ta shigo, sai ta ji gidan ya yi mata wani irin shiru. Ta tsaya da salatif a hannu. Ta kasa kunne.

Ƙugin firiza ne babu.

Babbar firizar nan da ke ɗakin ajiya na ƙarƙashin gida, wadda take jin ƙuginta ta ƙasan ƙafarta dare da rana, ita ce ta yi shiru.



Ko takalmi ba ta tsaya nema ba. Ta dira daga kujera, ta gangara matakalar ƙasa tana dafa bango.

Can ta tarar da Filomina, ta sa tsohuwar suwaitar Dung, ta naɗe hannu, ta zare wayar firiza daga bango. Ga tukwanen ruwan zafi suna tururi, ga babbar roba a gefe. Ta riga ta kwashe naman layyar su Habsatou da kifinta da kajinta ta jere a kan tebur. Muciya ce a hannunta, tana ɓamɓarar ƙanƙara.

"A'a, Maman Najat, kin sauko? Sannu da aiki."

"Maman Chuwang... mi kike yi haka?"

"Abin da kika gani. Ni dai na gaji da gobe-gobenki. Tun yaushe nake cewa mu narkar da firizar nan? Murfi ma ba ya rufuwa. Yau ina hutu, na ce bari in yi mana. Ina za mu sa akuya in ta zo?"

"Ki bari, don Allah. Ni za ni yi. Ki tahi ki huta, jiya kin kwana asibiti."

"Haba, ai na kusa gamawa."

"Wallahi ki bari!"

Filomina ta ɗago ta dube ta tana dariya.

"Ke kuwa lafiya? Zinariya kika binne a ciki?"

Tana faɗa tana jan wani kwali da aka shimfiɗa a can ƙasa, wanda ƙanƙara ta manne shi da gindin firiza. Ta zuba masa ruwan zafi, ta sa muciya ta ɗaga. Kwalin ya ɓalle.

Ledoji ne a ƙarƙashinsa, a jere, an danne su sun yi falan-falan. Kowace ta yi fari da ƙanƙara, ba a ganin abin da ke ciki.

"Iye! Ke ma dai da ajiya, Maman Najat. Wannan tun yaushe?"

Habsatou ta ƙame a gindin matakala. Tafin ƙafarta na kan siminti mai sanyi, amma zufa ce take tsatstsafo mata a goshi.

Filomina ta kwaso ledojin ta watsa a robar ruwan ɗumi. Farin da ke jikinsu ya fara wankewa.

"Shinkafa ce ma ashe. Dafa-duka. Kai, har da karas, an yanka shi dogo-dogo kamar yadda nake..."

Ta tsuguna. Ta ɗago ledar ta juya ta. Ta ajiye. Ta ɗauki ta biyu. Ta ajiye. Ta uku kuwa da ta ɗauka, ta daɗe tana kallonta.

Faten acca ne, da yakuwa da gauta.

Jama'a, a duk layin nan, kai, a duk Soundview in kun so, mutum nawa ne ke dafa faten acca? Bara Filomina ta ji an ce an auna Rashidu an ga suga, ta sa ƙanwarta ta aiko mata da acca tun daga Jos. Ta tsince tsakuwarta da hannunta, ta dafa daban, ta zuba a kula daban, ta ce wannan na Baban Najat ne, kada ya ci shinkafa.

Ga shi nan a leda. Ko cokali ba a sa ba.

"Maman Najat."

"Na'am."

"Wannan abincina ne?"

Habsatou ta kau da ido daga ledar.

"Tambayarki nake yi. Abincina ne?"

"Naki ne."

"Na bara?"

"I."

"Wannan fa?"

"Na bara waccan."

"Wannan kuma na shekarar da kuka tare."

Habsatou ta gyaɗa kai, idonta a ƙasa.

Filomina ta zauna a kan wani bokitin fenti da aka kife. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wallahi da ta ɗaga da ya fi wa Habsatou sauƙi.

"Bara da kika dawo mini da kula, kin zubo mini dabino a ciki. Kin tuna abin da kika ce?"

"Maman Chuwang, ki yi hankuri..."

"Kika ce Baban Najat ya cinye tas, har yana siɗe hannu. Kika ce in koya miki yadda ake yi. Na tsaya a kicin ɗina ina nuna miki yadda ake wanke acca, kina gyaɗa kai. Ashe tana nan a ƙarƙashin ƙafata."

"Ban zubar ba," in ji Habsatou da sauri, kamar wannan wani abin kirki ne. "Wallahi ko ƙwara ban zubar ba. Mu a gidanmu ba a zubar da abinci. Inna ko tsaba ta gani ƙasa sai ta ɗauka. Kuma Baban Chuwang shi ka hidda shara, na ji tsoron shi gani. Na rasa yadda za ni yi, shi ya sa na aje."

"Kin ajiye wa wa?"

"Ban sani ba."

"Me ya hana ku ci?"

Habsatou ta kama bakin mayafinta tana murzawa.

"Gishiri ya yi yawa? Ko ƙazanta kika gani a kicin ɗina?"

"Subhanallahi! Wa ya kai ki tsabta?"

"To mene ne?"

"Naman ne."

"Me naman ya yi?"

Ni da nake ba ku labarin nan, da ina wurin da na toshe mata baki. Akwai hanya goma da za ta bi ta faɗi maganar. Tana iya cewa ba ta san wanda ya yanka ba. Tana iya cewa shakka ta yi. Amma mutum in ya rikice, abin da ya daɗe yana faɗa a ransa shi ke fitowa.

"Wata ce ta ce mani, can wajen walima, lokacin da munka zo... ta ce in yi hattara, naman bikinku ba a ambaton sunan Allah a kai, wai... wai mushe ne."

Kalmar ta fita. Ta so ta kamo ta, ina!

Filomina ta ɗan ja baya kamar an watsa mata ruwan robar nan.

"Mushe."

"Ba haka nika nuhi ba..."

"Mushe, Maman Najat? Abin da ya mutu a bola? Shi nake dafawa in sa a kular da mamana ta ba ni, in sauko da shi da kaina in ƙwanƙwasa miki ƙofa?"

Habsatou ta durƙushe a kan simintin. Kunya ta rufe ta har tana jin kunnuwanta na zafi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ta shige ba ta waiwaya ba.

"Shi ya sa," in ji Filomina a hankali, kamar da kanta take magana. "Shi ya sa Najat kullum ta ƙoshi. Yarinya tana kallon cincin tana haɗiyar yawu, in miƙa mata ta ce ta ƙoshi. Ni kuma ina cewa kai, 'yar nan akwai kunya. Har ina yi wa Chuwang faɗa ya koyi hali a wurinta."

"Cincin ba komi, na sani ba komi. Tsoro na ji kar ta saba, wata rana a ba ta nama."

"Ni da na yanke mata cibiya."

Wannan ta fi komai dukan Habsatou. Ta fashe da kuka.

"Ki doke ni in kina so. Wallahi kunyarki nika ji, shi ya sa ban tambaya ba. Ya za ni dubi idonki in ce wa ya yanka? Bayan abin da kinka yi mani?"

"Da kin tambaya, da na ji zafi na yini ɗaya."

Filomina ta sa hannu a robar, ta ɗauko ledar bara waccan. Ta riga ta saki. Ta yage bakinta, ta laluba cikin shinkafar da yatsa, ta zaro wani guntun nama mai ƙashi.

"Kin san wannan?"

Habsatou ta share ido ta duba.

"Wuya ne."

"A kowace kula da na kawo miki, me kike gani a sama?"

"Wuya."

Kuma gaskiya ne. Har a ranta Habsatou ta taɓa yin guna-guni, wai duk tsokar da ke jikin akuya a rasa abin da za a kawo wa maƙwabci sai wuya mai ƙashi. Ku ji fa! Abincin da ba za ta ci ba, shi take yi wa ƙorafi.

"A garinku," in ji Filomina, "in an yanka dabba, wa ake ba wuya?"

"Wanda ya yanka. Wuyan yanka ke nan."

"To?"

Habsatou ta sake duban wuyan.

"To me ya sa nake kawo wuya gidanki?"

"Ban... ban gane ba."

"Yesu na! Da gaske ba ki sani ba?" Filomina ta miƙe tsaye. "Duk shekara in Baban Najat ya ɗauki Dung a mota suka tafi gona, me kike tsammani yake zuwa yi?"

"Kai shi yake. Ya ce mani za shi kai Baban Chuwang gona, tunda shi ke da babbar mota."

"Mota! Dung da yake tuƙa bas a birnin nan shi ne zai rasa mota? Mijinki ne yake yankawa, Maman Najat! Da hannunsa, da wuƙarsa, ya fuskanci gabas ya yi bisimilla. Mu haka muka tashi a Jos. Babana bai taɓa yanka akuyar Kirsimeti da kansa ba. Malam Gafaru na bayan gidanmu ake kira, don in an dafa kowa a layi ya ci. Da Sallah su ma su aiko mana. Da muka samu maƙwabta Musulmi a nan, Dung har rawa ya yi, ya ce Kirsimetinsa ta dawo irin ta gida."

Habsatou ta dafe kai da hannu biyu.

"Innalillahi. Yankan Malam maigidana ne?"

"Yankan mijinki kika kira mushe."

Kun san Rashidu dai. Mutum ne da in ya ce "na tahi" da safe, sai "na dawo" da yamma. Shi a ganinsa ya faɗa mata, tunda ya ce za su gona. Ita kuma ranar Kirsimeti in kula ta sauko yana can Canal Street, lokacin ne kasuwa ke ci. Kafin ya dawo ta juye, ta wanke kula, ta kai ƙasa ta danne da kwali. Ba ta taɓa gaya masa ba, don tana tsoron ko ya ci, ko kuma ya hau sama ya yi maganar da za ta ɓata zama.

Filomina na tsaye da wuyan a hannu, sai fuskarta ta sauya.

"Tsaya. Kin ce ba ku ci ba. Shi fa? Ya ga abincin ya ƙi, ko yaya?"

Habsatou ta girgiza kai.

"Bai taɓa gani ba?"

"Bai san ana kawowa ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau guda."

"Wayyo Allah." Filomina ta koma ta zauna. "Shi ya sa bana ya ƙi. Mutum ya bar kasuwarsa, ya tuƙa mota cikin sanyi, ya yanka, ya taya fiɗa, ya dawo gida yana jira, ko ƙashi bai gani ba. Yana can yana cewa mun raina shi. Dung kuma sati biyu ke nan ba ya barci sosai, yana ta tambayata ko ya yi masa wani laifi."

"Ki ruhwa mani asiri, Maman Chuwang. Don girman Allah. In Malam ya ji wanga abu, ban san inda za ni sa kaina ba. Bari in gyara a hankali, ni za ni lallashe shi shi tahi gonar."

"Kalmar da kika faɗa fa? In Dung ya ji ta..."

Ba ta ƙarasa ba.

Ƙofar sama ta buɗe, iska mai sanyi ta biyo matakala. Ga ƙarar manyan takalma, ga shebur na bugun bango. Mazan ne suka sauko ɗaukar buhun gishirin da ake watsawa a matakala don kada a zame.

Habsatou ta miƙe zumbur tana goge fuska. Ta dubi Filomina, idon nan kamar na akuyar da aka kai gona.

Filomina ta jefa wuyan a roba, ta fizgi tsohon tawul ɗin da take tsane ruwa da shi, ta rufe robar ruf.

Dung ne a gaba, hular sanyi har kunne, gemu duk farin ƙanƙara. Hannunsa ɗaya na kan kafaɗar Rashidu. Da alama a waje ya gaji da shirun, ya fara lallashi.

"Yawwa! Ga matan ma duka. Maman Najat, ina kwana? Don Allah ku taya ni roƙon mutumin nan. Tun ɗazu nake fama, ya ƙi ko kallona."

"Na ce maka bana ban da hali," in ji Rashidu yana neman buhun gishiri da ido.

"Wane irin hali? In ranar ce ba ta yi maka ba, mu sauya. In wuƙa ce, na saya sabuwa. Baban Najat, in ba kai ka yanka ba wa zan kira? So kake in ci Kirsimeti ni kaɗai kamar maraya?"

"Akwai masu yanka da yawa a gari."

"Ni ba masu yanka nake nema ba, maƙwabcina nake nema. In laifi na yi, faɗa mini a gaban matanmu, in ba ka haƙuri."

Rashidu ya jingine shebur. Mutum ne da bai iya doguwar magana ba, kuma abin da zai faɗa kunya yake ba shi, don babba da shi a ce yana ƙorafin nama.

"Bon, to. Tunda ka matsa." Ya gyara murya. "Ba don nama ba, Dung. Wallahi ga naman da anka hidda daga firigon ga nan cike da tebur, ka gani da idonka. Amma ko a ƙauyenmu, in anka kira mutum shi yi yanka, ana aiko mashi da wuya. Ba don yunwa ba. Don a nuna an san da shi. Ni tun da nika yi maka yanka, ko wuyan yanka ban taɓa gani ba. Ko lomar shinkahwa. Na ce to, wataƙila ni mahauci ne kawai a wurinku. Mahauci kuwa ana iya samun wani."

Dung ya saki baki.

"Me ka ce?"

"Ka ji ni."

"Ba a kawo maka ba? Ni da kaina nake ware wuyan in ce wannan na Baban Najat ne!" Ya juya. "Filomina!"

Filomina na tsaye a gaban robar, ta harɗe hannu.

"Filomina, da ke nake. Ina kike kai kular da kike sauka da ita?"



Filomina ta dubi mijinta, ta dubi Rashidu. Ba ta dubi Habsatou ba.

"Laifina ne," ta ce. "Hidima ce take yi mini yawa ranar. Baƙi, coci, ga aiki. Sai in ce zan kai, in manta."

"Ki manta?"

"Na manta."

"Shekara da shekaru kina mantuwa? Kular fa da nake gani kin fita da ita?"

"Wasu nake kai wa."

Kai, ranar an ga ɓacin ran Dung. Mutumin da kullum bakinsa a washe, sai ga shi jijiyar wuya ta tashi.

"Kin ba ni kunya, Filomina. Kin ba ni kunya a gaban mutumin da ya fi ɗan'uwa a wurina. Ina ta yawo ina cewa maƙwabcina, maƙwabcina, ashe ke kina nan kina yanka ni ta baya. Haka mamanki ta koya miki? A gidanku haka ake yi wa wanda ya yi yanka?"

An taɓo uwa. Idon Filomina ya kawo ruwa, amma ta cije leɓe.

"Bari, Dung, ya isa," in ji Rashidu, shi ma duk ya rikice. "Da na san haka za ta zama da ban hwaɗa ba."

"Bai isa ba. Ki durƙusa ki ba shi haƙuri. Yanzu, a gabana."

Filomina ta kama bakin suwaita. Ta fara sunkuyawa. Gwiwarta ɗaya ta kusa taɓa simintin da ya jiƙe da ruwan ƙanƙara.

Matar da ta riƙe mata hannu a ɗakin haihuwa. Matar da ta tsince acca tsakuwa-tsakuwa. Ita ce za ta durƙusa a kan ƙaryar da ba tata ba.

"A'a!"

Habsatou ce. Ta tare ta, ta ɗago ta da ƙarfi. Sannan ta sunkuya ta yaye tawul ɗin.

Ledoji na yawo a ruwa. Shinkafa ta watse daga wadda aka yage. Wuyan na kwance a sama.

"Ta kawo, Malam," ta ce. "Kowace shekara ta kawo, da hannunta. Ga su nan duka. Wanga accar taka ce, ta bara, saboda sugarka ta dahwa maka. Ni na ɓoye."

Ruwa kawai ke ɗiga daga bakin firiza.

Rashidu ya tsuguna a hankali. Ya ɗauki wuyan, ya juya shi a tafin hannunsa. Ya dubi Filomina, ya kasa haɗa ido da ita, ya sunkuyar da kai. Kunyar da ta kama shi ta fi ta matarsa, don shi ne yanzun nan ya gama zargin mutane a kan idonsu.

"Habsatou."

"Na'am, Malam."

"Mi ya hana ki ba ni?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ina tambayarki gaban mutanen da na ci wa mutunci. Mi ya hana?"

"Ba ta san kai kake yankawa ba ne kawai," Filomina ta yi saurin cewa. "Shi ke nan. A bar maganar."

"To in ba ta sani ba fa?" in ji Dung. Muryarsa ta sauka, hannunsa ya koma kan kafaɗar Rashidu, yana ɗan murmushin wanda bai gama fahimta ba. "In ma ni na yanka, ai sai ta tambaya. Maman Najat, me kika ɗauka muke kawo miki?"

Filomina ta girgiza mata kai a hankali. Kada ki faɗa. Ki ce komai, ban da wannan.

Amma Habsatou ta gaji. Ƙarya ce ta kawo ta nan, ta kuma ga inda ta kusa kai Filomina. Ta runtse ido.

"An ce mani mushe ne. Ni kuma na yarda."

Murmushin Dung ya tsaya a inda yake, sannan ya ɓace.

A hankali ya sauke hannunsa daga kafaɗar Rashidu.

Daga can sama ana jiyo dariyar yara, da ƙarar murfin robar cincin da Chuwang ke ƙoƙarin buɗewa.

Dung ya ɗaga kai ya saurara. Ya ɗauki sheburinsa.

"Filomina."

"Dung, don Allah..."

"Hau sama ki sauko masu da 'yarsu, kafin ta ci wani abu a gidanmu."